Shekara biyu da Austin Seven mai zugazugi: daɗinta da abin da ta ci min

Tun ranar da na ɗora hoton motar nan a status ban huta ba. Wani ya ce keken guragu na saya, ƙanina daga Kano ya turo min saƙon murya yana dariya har da tari wai "Yaya ashe duk sanyin da kake sha a Ingila akwala kake tara wa kuɗi", wasu kuma tsakaninsu da Allah suke tambaya nawa take, tana ma tafiya kuwa, in mutum yana so ina zai samu. To yau dai na zauna in faɗi abin da na gani a shekara biyun da na yi da ita, in ya so kowa ya yi wa kansa hisabi.

Motar Austin Seven ce ta 1930, samfurin tsere da ake ce wa Ulster. Bari in faɗi gaskiya tun da wuri kafin masana su kama ni, tawa ba asalin Ulster ɗin da kamfani ya fitar ba ce. Shasinta da yawancin injin na 1930 ne, amma bodin alminiyon daga baya wani ya buga shi a kan fasalin Ulster. Na asalin 'yan kaɗan ne suka rage kuma kuɗinsu ba na masu jiran albashi ba ne. Sannan ba ni kaɗai ke da ita ba, haɗaka muka yi da wani dattijon Bature maƙwabcina a nan Birmingham da nake kira Baba, shi gwiwarsa ta daina yarda da kuloci, ni kuma aljihuna ba zai ɗauke ta ni kaɗai ba, sai ya kawo gareji da ilimi, ni na kawo ƙafa da ƙugu. Kason da na biya zai sai min Corolla tokumbo mai lafiya a gida, kar wanda ya tambaye ni fiye da haka saboda uwargida tana karanta abin da nake rubutawa.

Longbridge, inda aka ƙera ta, ba nisa daga unguwarmu, yanzu wajen duk ya koma shaguna da gidaje. Herbert Austin ne ya fito da ita a 1922 don mai ƙaramin ƙarfi ya sauka daga babur ya sa iyalinsa a mota, kuma kafin su daina a 1939 sun yi wajen guda 290,000, shi ya sa har yau kayan gyaranta ba sa wuya, kusan komai akwai masu ƙera sabo. Girmanta kuwa ka ɗauka adaidaita sahu ce aka ƙara wa taya ɗaya aka ja mata hanci. Inji silinda 4, cc 747, ta farko ƙarfin doki 10 da 'yan kai kawai take bayarwa. Kar ka raina ta dai. Motar farko da BMW suka fara sayarwa, Dixi, wannan ce aka ba da lasisin ƙera ta a Jamus. Colin Chapman a kan shasinta ya haɗa Lotus ɗinsa ta farko a 1948, Bruce McLaren kuma yana ɗan saurayi a New Zealand da Ulster ɗin da babansa ya gyara ya fara tsere. Wato duk wanda ke kallon Formula 1 yana ihun McLaren, kakarsu ce nake turawa a gareji.

Yanzu ga abin da ya sa na saya, zugazugin.

Su suna cewa sufacaja, 'yan harkar kuma bulowa suke cewa, ni dai zugazugi na sa mata don aikinta kenan sak. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yaro yana zuga gawayi yana yin ja ya gama gane ta. Inji da kansa iya iskar da ya zuƙa da ita yake ƙona mai, bulowa kuma ɗura masa take da ƙarfi, iska da fetur a cakuɗe, a danna su cikin silinda fiye da yadda zai iya sha da kansa. Bambancinta da tabo (turbo) ɗin motocin yanzu shi ne tabo hayaƙin salansa ke juya shi, sai inji ya ɗau zafi ya hau kafin ka ji shi, ita kuwa bulowa a jikin inji take a haɗe da haƙoran giya, yana juyawa tana juyawa, kana taɓa totur tana amsawa babu jira. Tamu irin ta Cozette ce, ƙirar Faransa, wacce kamfanin Austin ɗin ma ita suka riƙa sa wa Ulster, wani ɗan ganga ne da fukafukai a ciki suna zamewa suna shiga suna fita. Ulster mara bulowa doki 24 take bayarwa, mai bulowa 33. Na san wani zai ce doki 33 ai babur ne. Eh. Amma motar ba ta kai rabin tan ba, ba ƙofa, ba rufi, ɗuwawunka kusan a kan kwalta, in ta kai mil 60 a awa rantsuwa za ka yi kana 120.

Fukafukan nan suna son maiƙo, don haka dole a zuba ɗan bakin mai a cikin fetur. Ranar farko da Baba ya tsaya yana min dogon bayani da ɗan kofin awo a hannu sai na fashe da dariya, na ce Baba ai wannan haɗin man ƙaramin janareta ne, kowane mai shagon caji a garinmu malami ne a kai. Tun daga ranar ya bar min haɗin mai. Wani abu kuma, tun da aka koma fetur E10 a gidajen mai a 2021 mu mai tsadar muke saya, E5, saboda sinadarin da ke cikin E10 yana cin tsofaffin robobi da tiyo.

Tuƙinta fa? Sai an yi haƙuri. Shiga ma aiki ne, ƙafa za ka ɗaga ka tsallaka kamar mai hawa jaki sannan ka zurara ƙarƙashin sitiyari, in kana da tumbi ku daidaita da shi tun a waje. Tankin mai a gabanka yake saman gwiwoyi. Fedojin a matse suke har sai da na nemo wani siririn takalmi, da babban takalmi ka taka birki ka haɗa da totur. Kulocin shi ne shaiɗanin, tafiyarsa ba ta fi kaurin yatsa ba, ko dai ya kama ko bai kama ba, babu tsakiya, satin farko sau nawa tana mutuwa a hannuna a bakin layi yara 'yan makaranta suna min tafi. Giya 3 ce kuma babu abin da ke daidaita haƙora kamar na motar zamani, sai ka taka kuloci ka fito firi, ka saki, ka ɗan zuga totur, ka sake takawa sannan ka sa, in ka kuskure lokaci za ka ji ƙurrr kamar ana niƙa tsakuwa, Baba yana gefe yana runtse ido kamar haƙorinsa ake cirewa. Tsofaffin direbobin manyan motoci na gida sun san wannan taka biyun, babana ma da ita ya koyi mota, ni ne dai na zo na koya da furfura ta fara fitowa.

Birki kuwa, hmm. Waya ce ke jan shi kamar na keke. In ka taka ba tsayawa take ba, shawara ce ka ba ta, ita kuma za ta duba. Sai an yi ta saiti kafin tayoyin huɗu su kama tare, in ba haka ba ka taka ta ja ka hagu. Wannan shi ne babban abin da zan rage mata maki a kai, kuma shi ya sa ban cika fita da ita cikin gari ba duk da tana da lamba kuma a nan motar da ta wuce shekara 40 an ɗauke mata harajin hanya da gwajin shekara-shekara.

To da duk wannan me ya sa mutum mai hankalinsa zai riƙe ta?

Sai ka zo Prescott a watan Agusta. Wani tudu ne a Gloucestershire kusa da Cheltenham, ƙungiyar masu Bugatti ce ta saye shi a 1937 suka fara tsere a 1938, kuma duk shekara ƙungiyar tsofaffin motoci ta VSCC, wacce aka kafa a 1934, tana taro a can. Tseren hawan tudu ba irin wanda ake sakin motoci gaba ɗaya ba ne, ɗaya bayan ɗaya ake hawa, da agogo kake faɗa. Gajeriyar hanyar da muke bi yadi 880 ce, rabin mil kenan, wajen minti ɗaya an gama. Ka kwana biyu a tanti, ka ja tirela, ka biya kuɗin shiga da lasisin tsere da hular kwano da rigar da ba ta cin wuta, duk don 'yan hawa da in an haɗa su ba su kai minti biyar ba. Uwargida ta yi wannan lissafin a takarda ta ajiye min a kan firij, ban ce komai ba don ba ta yi ƙarya ba.

Da sassafe masu duba mota za su zo su girgiza taya, su leƙa ƙasa ko mai na ɗiga, su duba hula. A hancin motar akwai wani baƙin falle da ake ɗaurawa a tsaye, shi ke yanke hasken na'urar agogo a farko da ƙarshe. Filin ajiye motocin a cikin gonar itatuwa yake, raɓa a ciyawa, ko'ina ana ɗumama inji, ga wani ƙamshi da ban taɓa ji a ko'ina ba sai can, ƙamshin man zurma da wasu ke zuba wa injinsu, wai ashe zurman nan da ke fitowa a bayan gari ba mai kula shi shi ne turaren masu tsere. Ka zo kan layi, wani ya sa maka katako a bayan taya kar ka gangara, fitila ta koma kore. Daga nan ban san yadda zan faɗa ba wallahi. Ka ɗaga inji, ka saki wannan mugun kulocin, sai bulowa ta fara kuka, wani siririn kuka ne da ke hawa a kan rurin salansa, wiiiii, yana ƙara sama yana ƙara sama, salansar kuma tana nan waje a gefen motar kana jin zafinta, motar gaba ɗaya tana rawa, kana ganin tayar gaba da idonka tana tsalle a kan kwalta. Ka sha kwanar Orchard, ka taho Pardon. Pardon kwana ce mai lanƙwasa kamar ƙugiya zuwa hagu kuma a tsaye take da hawa, nan ne motoci marasa bulowa suke yin sanyi kamar an riƙe musu wutsiya, kuma nan ne na gane kuɗina bai tafi a banza ba, don ina fitowa na danna sai kawai ta ɗauka daga ƙasa, ba tari ba jinkiri, kamar doki ya ji linzami ya saki a sukuwa. Sai kwanar Esses, dama hagu, sai kwanar Semi-Circle da kake shanta ba ka ganin komai a gefe sai sama, sai layi. Hawana na farko daƙiƙa 61 na yi, na cire hula hannuna na karkarwa ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Bana na sauko da shi 55. Akwai wata tsohuwa da ta haife ni a ajinmu na tsere da ke ba ni tazara mai kyau da mota irin tawa, kullum sai ta zo ta dafa kafaɗata ta ce wai birki nake takawa da wuri.

Mutanen wajen gaskiya sun burge ni. Na je da ɗari-ɗari, baƙin mutum ɗaya tilo a cikin dattawan Turawa masu hular tuwid, amma harkar inji ba ta tambayar daga ina kake, kana buɗe bonet za a kewaye ka, wannan ya miƙo sifana wancan ya kawo fulogi. Lokacin azahar na shimfiɗa darduma a bayan tirela, wani da ke zuga injinsa a kusa ya kashe har na idar, ban roƙe shi ba. Abinci ne dai sai ka yi guzuri, da safe ko'ina burodi da naman alade ake ci, mu da fulas ɗin shinkafa da miya muke zuwa, Baba yanzu yaji har nema yake.

A can ne kuma za ka ga manyan. Bugatti Type 35B mai silinda 8 da bulowa, irin wacce ta ci tseren Monaco na farko a 1929, in ta wuce ƙararta kamar ana yaga sabon yadi. Ga Bentley mai lita 4 da rabi da bulowarta a gaba a waje kamar an rataya mata tukunya, wacce Tim Birkin ya dage aka yi duk da shi W.O. Bentley mai kamfanin ba ya so, kuma ba ta taɓa cin tseren Le Mans na Faransa ba. Motar Birkin ɗin mai kujera ɗaya sama da fam miliyan 5 aka sayar da ita a gwanjo a 2012. Ni ba na hassada, iyaka in tsaya in sha kallo. Abin da nake faɗa wa kaina shi ne a 1930 a filin Brooklands, tseren mil 500, Austin Seven mai bulowa ce ta zo ta ɗaya, Earl of March da Sammy Davis suka tuƙa ta a kan sama da mil 83 a awa, Bentley mai bulowa tana biye. Eh na sani, an ba ƙananan motoci rata a tsarin tseren, Baba ba ya son a ambaci wannan ɓangaren. Shi Earl of March ɗin shi ne daga baya ya buɗe filin tsere na Goodwood a 1948.

Yanzu wahalar. Zugazugin nan da nake yabo shi ne kuma mai cin kuɗin. Injin an tsara shi ne don kai iyali kasuwa, karanshaf ɗinsa a kan boris biyu kacal yake zaune, ɗaya a gaba ɗaya a baya, tsakiya a sake, kai kuma ka zo kana ɗura masa iska da ƙarfi. Na asalin lanƙwasawa yake yi har ya karye, don haka duk mai hankali sabon na ƙarfe mai ƙwari yake sawa da famfon da ke tura bakin mai, tamu an riga an yi mata kafin mu saya, in za ka sayi irinta wannan ce tambayar farko kuma ka ce a nuna maka rasit, kar ka yarda da baki. Abin da ba mu tsira daga gare shi ba shi ne gasket. Sau biyu tana ƙona gasket ɗin tof silinda, na biyun ana saura hawa ɗaya, na fito daga Pardon sai na ji ƙarfi ya zube, farin hayaƙi ya turnuƙe, ruwan lagireto ya feso min a tabarau. A kan ciyawa muka kwance tof ɗin, mutum huɗu da ban san sunansu ba suna taya mu, wani ya ba mu gasket daga akwatinsa ya ƙi karɓar ko sisi, amma kafin mu ɗaure an rufe ajinmu.

Wanda ya fi min ciwo shi ne na bulowar kanta. Ta fara wani ƙara kamar cokali a cikin gwangwani, muka kai wa wani mai gyara da aka yaba mana, ba zan kama suna ba. Ya ce sati uku. Sati uku ya zama wata huɗu, kullum in na kira sai ya ce ana jiran fukafukai, ashe bakanike bakanike ne ko a ina yake, bambancin kawai na nan da ladabi zai yi maka ƙarya. Da ta dawo kuma ya bar tazarar ciki ta yi yawa, allurar awon ƙarfin iskar da take ɗurawa da ke nuna 6 ta koma da ƙyar take taɓa 3, kuɗi kuma ya karɓa cif. Haka muka rasa rabin kakar tseren bara har da taron Shelsley Walsh da na ci buri a kai, tudun da ake hawa tun 1905, yadi 1,000, wanda na daɗe ina so in ce ni ma na taka. A ƙarshe Baba ne ya zauna da ita dare uku a kan benci da ma'aunin tazara, ni ina riƙe masa fitila yana faɗa da ni wai hannuna na rawa.

Batun tsaro kuma kar in ɓoye, ba bel, ba ƙarfen kariya a sama, in ta kife kai ne rufin. Uwargida ta zo kallo sau ɗaya, ta tsaya a Pardon ta ga yadda tayar baya ke ɗagawa, da muka koma mota ta yi shiru har muka hau babban titi sannan ta ce "Baban yara, ni dai ka bar min lambar sirrin banki." Tun daga nan ba ta sake zuwa ba, amma ita ke dafa shinkafar.

In maki ake so, tuƙi a kan tudu 5 cikin 5, ba na cire ko ɗigo. Samun kayan gyara 4. Birki 2, shi ma don kunya. Zama lafiya da aljihu 1. Wanda bai iya riƙe sifana ba kuma ba shi da irin Baba a kusa, ya sayi mara bulowa, zai yi tsere ya koma gida da motarsa tana tafiya, ko ya fara shiga ƙungiyar 750 Motor Club da aka kafa a 1939 saboda masu wannan motar, ya yi shekara yana kallo yana tambaya kafin ya fitar da kuɗi. Masu tambaya ko za a iya kawo ta gida Najeriya, za a iya mana, kwantena ba ta ƙin kaya, amma inji ne da ko a sanyin Ingila yake neman tafasa in an matsa masa, ban san me zai yi da ranar Afrilu a Kano ba, kuma ba wajen da za ka hau da ita da agogo, za ta zama ta ɗaukar hoton biki ne kawai.

Ni kam ba zan cire bulowar ba, Baba ya kawo shawarar sau ɗaya bayan gasket na biyu na ce masa a'a, ya yi murmushi, ashe gwada ni yake. Yanzu haka injin yana kan benci a kwance, mun kai tof ɗin an goge fuskarsa, sabbin kusoshi sun iso jiya, saura gasket na tagulla da muka yi oda. Asabar ƙarfe 9 ya ce in zo, kuma wai kar in manta da yajin.